Kurakuran da ake yi wajen zaɓen na'urar daidaita mai ta babur

Babur mai tsarin feshin mai yana da ƙaramar kwamfuta da ake kira ECU, wadda ke ƙayyade yawan fetur ɗin da nozul zai fesa gwargwadon iskar da ke shiga inji. Na'urar daidaita mai da ake saya daga baya aikinta gyara wannan lissafi ne kawai, musamman bayan mai babur ya sauya salansa ko filtar iska. Daga rashin fahimtar wannan ne yawancin kurakurai suke tasowa.

Akwai waɗanda ke neman na'urar alhali baburansu ba su da inda za a sa ta. Mafi yawan baburan da ke yawo a titunan Kano, Zariya ko Maraɗi, irin su Bajaj Boxer da Jincheng, da kafireta suke aiki, kuma gyaransu yana hannun bakaniken da ya san allura da jet. Maganar nan ta shafi manyan babura ne irin su Yamaha R6, Kawasaki Ninja ko Harley-Davidson na zamani.

Babban kuskure shi ne zaton cewa na'urar tana ƙirƙiro ƙarfi. Fetur yana ƙonewa sarai idan aka haɗa nauyin iska kashi 14.7 da na mai kashi 1, kuma kamfanoni suna tsayar da babur kusa da nan a tafiyar yau da kullum saboda dokokin hayaƙi. Inji kuwa ya fi ba da ƙarfi idan mai ya ɗan ƙaru, wajen 13 da 1. Idan aka sa salansa mai buɗaɗɗen baki, iska ta ƙaru, man bai ƙaru ba, sai inji ya riƙa ɗaukar zafi, totur ya riƙa fizga a ƙaramin gudu, fulogi ya fito fari fat kamar an shafa masa alli. A garin da zafi ke haura digiri 40, kamar Sakkwato a watan Afrilu, wannan yana iya cin bawul ko fistin. Abin da na'urar za ta dawo da shi shi ne laushin totur da sanyin inji. Wanda bai taɓa komai a baburinsa ba, kuma yana tafiya lafiya lau, a ganina gara ya kashe kuɗin a kan tayoyi masu kyau.

Sai batun iri. Power Commander na kamfanin Dynojet da Rapid Bike na Italiya ana jona su ne tsakanin ECU da nozul, suna ƙara mai ko ragewa, kuma duk ranar da aka cire su babur ya koma yadda yake. Wasu kuma, kamar Fuelpak FP3 na Vance & Hines da aka yi domin Harley, sake rubuta lissafin cikin ECU suke yi. Masu sayen na hannu suna yawan faɗawa tarko a nan, domin FP3 yana ɗaure kansa da lambar bodin babur ɗin da aka fara gyarawa da shi, ba zai sake rubuta na wani ba. Kafin a biya ko sisi, a tabbatar da samfuri, da shekarar ƙira, da ƙasar da aka ƙera babur ɗin dominta, tun da yake na Amurka da na Turai ko Japan sukan bambanta a wayoyi da lissafi ko da sunansu ɗaya. Idan kuma za a rubuta ECU, a fara adana lissafinsa na asali, a kuma tabbata batir yana da caji sosai, saboda yankewar wuta ana tsakiyar aiki tana iya sa babur ya ƙi tashi gaba ɗaya.

Wani kuskuren da na fi ganin illarsa shi ne rufe cuta da na'ura. Filtar da ƙurar hunturu ta toshe, nozul da man 'yan bumburutu ya dagula, famfon mai da ya gaji, ko robar da ta tsage tana zuƙar iska, duk suna kawo alamu irin na rashin daidaiton mai. Haka ma ƙarar fat-fat da salansa ke yi idan an saki totur: sau da yawa iska ce ke shiga ta mahaɗar bututu da ba a ɗaure da kyau ba, amma sai mutum ya yi ta ƙara mai har bakin salansa ya yi baƙi ƙirin, tanki kuma ya riƙa ƙarewa da wuri. A fara yin cikakken sabis tukuna.

Lissafin da ake saukowa da shi daga intanet mafari ne kawai, domin an yi shi a kan wani babur da wata salansa. Ingantacciyar hanya ita ce gwaji a kan injin awo da ake kira daino. Inda babu shi, a nemi na'urar da ke karɓar ma'aunin iskar hayaƙi mai faɗin awo, irin Autotune na Dynojet, wanda ke gyara lissafin ana cikin tafiya. A kuma lura cewa ma'aunin iska na asali da ke jikin salansa yakan mayar da ECU kan lissafinsa na da a ƙaramin gudu, sai gyaran ya tashi a banza, don haka a tambayi mai sayarwa yadda na'urarsa ke magance wannan.

Mai yin oda daga Amurka zai ga an rubuta a jikin wasu na'urorin cewa na filin tsere ne kaɗai. A 2016 kamfanin Harley-Davidson ya amince ya biya tarar dala miliyan 12 saboda sayar da irin waɗannan na'urori kusan 340,000 da hukumar kare muhalli ta ƙasar ta ce suna ƙara hayaƙi. Wanda baburinsa sabo ne kuma ya tambayi dila kafin ya taɓa ECU, domin yin hakan yana iya soke garantin injin.