Kada yankewar intanet ta kashe muku aiki a kan saba

Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare ina gida a Ƙofar Ƙaura, na shiga sabarmu (kwamfutar da muke aiki a kanta daga nesa) ta SSH, wato hanyar shiga wata kwamfuta ta intanet, na kunna kwafin bayanai, sai sabis ya ɗauke. Ko da na dawo, aikin awa 2 ya bi ruwa. Dalili kuwa, da zarar haɗin ya yanke, ana aika wa aikin siginar SIGHUP, ita ce ke kashe shi.

Don maganin wannan, ni dai tmux na fi yarda da shi, wato manhajar da ke riƙe aikinka a kan sabar ko da haɗin ya yanke. Kafin ka taɓa komai, rubuta tmux new -s aiki, ka kunna abinka a ciki. In za ka fita, danna Ctrl da b tare, ka saki, sannan d. Ko cajin kwamfutarka ya ƙare, ko an ɗauke wuta, aikin na can yana tafiya abinsa. In ka dawo, rubuta tmux attach -t aiki, za ka tarar da shi inda ya kai.

In babu tmux a sabar, sa nohup (shi ke hana SIGHUP kashe aikin) a farkon umarnin, alamar & a ƙarshe, sakamakon zai taru a fayil ɗin nohup.out. Amma fa in aka kashe sabar aka kunna, duka biyun sun tafi. Wannan kam sai systemd, wato manhajar Linux da ke iya kunna aiki da kanta idan sabar ta tashi.