Yadda ake tsara jagora don iyayen da ɗansu ya faɗa shaye-shaye

Uwar da ta tsinci ƙwayoyi a aljihun wandon ɗanta ba tarihin miyagun ƙwayoyi take nema ba. Tambayarta ɗaya ce: me zan yi yau kafin ya dawo gida? Takarda ce za ka tsara, saƙon murya ne ko bidiyo, wannan matar za ka sa a gaba.

Mataki na farko, zauna da iyaye kafin ka ɗauki biro. Ko mutum biyar ne, ka ji abin da suka gwada, da inda kunya ta hana su neman taimako.

Na biyu, batun gaggawa ya zo a shafin farko da manyan haruffa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambaci alamomi uku da ke nuna ƙwaya irin kodin ko tiramadol ta fi ƙarfin mutum: numfashi ya yi ƙasa, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, an tashe shi bai farka ba. Ka rubuta a taƙaice: a kwantar da shi ta gefe, a nemi motar asibiti, a ba shi nalokson (maganin da ke karya ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyi) idan akwai, kada a ɗura masa komai. Ka ƙara da cewa kada a bar shi wai "ya yi barci ya wartsake", domin a nan ake rasa yara.

Na uku, cire hotunan ban tsoro. Ƙa'idojin rigakafi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a 2013, aka sabunta su a 2018 tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, sun nuna tsoratarwa ba ta hana matashi sha. Abin da ke aiki shi ne koya wa iyaye sa ido, kafa doka a gida, da jan yaro a jiki.

Na huɗu shi ne zuciyar aikin: ka sa wa iyaye kalmomi a baki. "Ku yi magana da 'ya'yanku" shawara ce da kowa ya sani, amma ba wanda ya san ta inda zai fara. Rubuta musu jimlar kanta. Maimakon "Ka zubar mana da mutunci", uba ya ce, "Jiya na ga idanunka, hankalina ya tashi. Zo mu zauna." Ka faɗi lokacin ma: ba sa'ad da yaron yake cikin maye ba, ba kuma a gaban ƙannensa ba. Tsarin CRAFT na koya wa iyali yadda za su shawo kan mai shaye-shaye, wanda Robert Meyers ya ɓullo da shi a Amurka, a kan haka ya ginu: a yaba wa mutum ranar da bai sha ba, a daina rufa masa asiri ranar da ya sha. A wani bincike na 1999 kan manya masu shan barasa, kashi 64 cikin ɗari na iyalan da aka koya wa tsarin sun shawo kan nasu ya karɓi magani. Ni dai ban yarda a sa "ɗan ƙwaya" a takardar iyaye ba. Yaron zai iya tsintar ta, kuma ƙwaƙwalwarsa ba ta gama nuna ba sai wajen shekara 25, akwai sauran gyara.

Daga nan sai gwaji. Miƙa wa wani uba ya karanta, ka karɓe takardar, ka tambaye shi me zai yi idan abin ya faru yau da dare. In ya yi inda-inda, laifin rubutunka ne, koma ka rage. Ka naɗi muryar wani yana karanta ta saboda waɗanda karatu ke ba wuya. Duk lambar wayar da za ka sa kuwa, kira ta da kanka, da rana da kuma tsakar dare, ka ji ko ana ɗauka.