Yadda Ake Dasa Bishiyar Bismarckia a Lambu

Bismarckia 'yar uwar giginya ce daga tsibirin Madagaska, kuma ganyenta mai siffar mafici da launin toka yana ƙawata lambu ƙwarai.

Da farkon damina, a zaɓi wurin da rana ke bugawa sosai, nesa da katanga, domin faɗin ganye ɗaya yakan kai mita 3. A haƙa rami mai faɗi, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki. Wajen fitar da dashen ne ake buƙatar natsuwa, saboda saiwarta ba ta jure wahala. A yanka ledar a hankali don kada ƙasar da ke riƙe da ita ta wargaje. Sai a dasa daidai zurfinta na da, a ba ta ruwa nan take, kuma a ci gaba da ban ruwa har ƙarshen ranin farko.