Yadda gidan abinci daga Kaduna zai buɗe reshe a Nijar ba tare da ya rasa sunansa da jarinsa ba

Mai gidan abinci da ke da rassa biyu ko uku a Kaduna, a ce ɗaya a titin Ahmadu Bello, ɗaya a Barnawa, yakan fara hango Maraɗi ko Yamai da zarar ciniki ya kankama. Harshe ɗaya ne da Maraɗi, kuma daga Katsina ta Jibiya tafiyar zuwa can ba ta da nisa. Amma kafin a yi zancen ƙetare, a gwada abu ɗaya: reshen da ke Zariya ko Kano zai iya yin wata uku maigida bai leƙa ba, kuma ɗanɗanon shinkafar bai canja ba? In ba zai iya ba, lokaci bai yi ba.

Abin da ke tsallaka iyaka shi ne rubutaccen tsari. A rubuta komai da ma'auni: giram nawa na yaji ake zuba wa kilo ɗaya na kaza, awa nawa za ta jiƙa, minti nawa a cikin mai. Man suya ya tsaya tsakanin digiri 170 da 180, cikin naman kaza ya kai digiri 75 kafin a sauke, ɗanyen nama a firji kada ya wuce digiri 4, na daskarewa kuma digiri 18 ƙasa da sifili. "Ɗan kaɗan" da "yadda ka saba" su ne ke kashe reshe, domin kukun da ya san ma'anarsu yana Kaduna. A fassara littafin zuwa Faransanci, tunda yawancin ma'aikatan da suka yi boko a can da shi suke karatu.

Sai suna, kuma a nan ne mutane suka fi yin asara. Rajistar da ka yi a Najeriya ba ta kare ka a Nijar. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar da ke rajistar sunaye da tamburan kasuwanci, mai hedikwata a Yawunde, kuma rajista ɗaya a can tana aiki a ƙasashe 17, har da Benin, Kamaru, Chadi da Togo. A rabe-raben rajistar suna, hidimar gidan abinci tana aji na 43. A shigar da takarda kafin a fara neman shago, kafin ma a gaya wa dillali, domin wanda ya riga shigarwa shi ke da rinjaye. Idan wani ya riga ka, ko ka sayi sunanka daga hannunsa ko ka canja allo. Shi kuma kamfanin, ƙarƙashin OHADA ake kafa shi, wato dokokin kasuwanci na bai-ɗaya da Nijar ke bi tare da wasu ƙasashen Afirka, da rajistar kasuwanci ta RCCM da lambar haraji ta NIF.

A ganinmu reshen farko a ƙetare bai kamata a sayar wa wani lasisinsa kai tsaye ba. Haɗin gwiwa da ɗan ƙasa ya fi: shi ya san hukuma da masu haya, kai kuma ka riƙe girki da horo. Ka tura manajanka ya zauna aƙalla wata shida. Idan daga baya za a ba da lasisin suna, abin da aka saba karɓa kashi 4 zuwa 6 ne cikin ɗari na ciniki, ba na riba ba, domin riba ana iya ɓoye ta a takarda. A sa a yarjejeniya cewa kana da ikon shiga kicin ba sanarwa, da ikon cire allonka in an saɓa.

Kada ka dogara da motar da za ta riƙa kai kaya daga Kaduna. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, har aka yanke wutar da ake ba ta, kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. In aka rufe iyaka, reshen da kajinsa ke zuwa ta Jibiya zai rufe cikin mako guda. Kaza, albasa, shinkafa da mai a same su a can, kowanne da masu kawowa biyu. Haɗin yaji kaɗai za a riƙa aikawa, busasshe, a leda mai awo, na wata uku a lokaci ɗaya. Ko KFC, kamfanin soyayyar kaza na Amurka, da ta shigo Legas a 2009, kajin gida ta nema, saboda an hana shigo da daskararriyar kaza. Janareta ko sola kuma su shiga lissafin jari tun farko.

Farashi a tsara shi da sefa daga tushe, kada a ɗauki na naira a juya. Sefa tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, naira kuwa tana hawa da sauka, don haka ribar da ka gani a canji yau tana iya zama asara a wata mai zuwa. Harajin VAT da ake ɗorawa kan ciniki a Nijar kashi 19 ne cikin ɗari, namu na Najeriya 7.5. Kuɗin kayan girki kada ya wuce kusan kashi 35 na farashin faranti. A kuma koya wa mai karɓar kuɗi lissafin can: dala sefa 5 ce, jika kuwa sefa 1,000, ba naira 200 da Bakaduna ya sani ba.