Darasi na 9: In An Ce Ka Ajiye Aiki a Sallame Ka

Idan aljihun hukuma ya yi ƙasa, albashi ne ke fara yi mata nauyi. Wani lokaci maimakon kora, sai ta yi tayi: duk mai so ya ajiye aiki da kansa, a ba shi kuɗin sallama a dunƙule. Babban Bankin Najeriya, CBN, ya yi irin wannan tayi a Disambar 2024, shi kam da sunan gyaran tsari. Kimanin ma'aikata 1,000 suka tafi. Bankin ya ce ba wanda aka tilasta wa, amma sai da Majalisar Wakilai ta binciki lamarin.

Karanta wannan hira da ƙarfi.

Bayan isha'i, maigida ya shimfiɗa takardar tayin sallamar a kan tabarma, ya haska ta da fitilar waya.

"Maigida, nawa suka ce?"

"Naira miliyan shida."

"Albashin fa?"

"Dubu 150 a wata."

Uwargida mai ƙosai ce, lissafi ba ya ba ta wuya. Ta ɗan yi shiru, ta ce, "To ai albashin wata 40 ke nan. Shekara uku da wata huɗu. Kai kuma saura shekara 12 ka kai sittin."

Gaskiyarta. Kuɗi a dunƙule yana da kwarjini, sai an raba shi wata-wata ake ganin tsawonsa. Ma'aikacin gwamnatin tarayya kan yi ritaya ne in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. A dokar fansho ta 2014, wanda ya bar aiki bai kai 50 ba, in ya yi wata huɗu bai samu wani ba, kashi 25 cikin ɗari na asusun fanshonsa kawai zai iya cira. Sauran sai ya jira ya kai 50.

Kafin ka sa hannu, tambayi ko za a cire bashin banki ko na ƙungiya daga kuɗin, da ranar da za su shigo. Amsar kuma a rubuce, ba da fatar baki ba. Kai takardar wa wakilin ƙungiyarku ta ma'aikata ya karanta maka.

Aikin gida: an yi wa mai albashin dubu 120 tayin miliyan uku. Albashin wata nawa ke nan? Rubuta amsar da lamba, sannan da kalmomi.