Yadda ake kallon bikin Durga Puja a Kolkata ba tare da Sandhi Puja ta wuce ka ba

Kuskuren da na fi gani wurin baƙi shi ne su sauka Kolkata, a ƙasar Indiya, ranar Dashami, wato ranar ƙarshe ta bikin, su tarar ana ɗora gumaka a motoci za a kai kogi. Durga Puja bikin mabiya addinin Hindu ne na girmama allahiyarsu Durga, kwana biyar ake yi a jere, wato Shashthi, Saptami, Ashtami, Navami da Dashami, kuma yakan faɗo a Satumba ko Oktoba. Tun 2021 UNESCO ta saka shi cikin jerin al'adun gargajiya na duniya. Ka kama ɗaki tun da wuri, don kuɗin otal tashi yake yi kamar farashin rago gab da layya.

In da hali, ka iso kafin ranar Mahalaya, wato ranar da ake gayyato allahiyar zuwa duniya, wajen mako guda kafin a fara, ka shiga lungunan Kumartuli. Nan magina ke ɗaura ciyawa a jikin gora su shafe ta da laka, har Durga ta fito da hannayenta goma, bisa zaki, tana soke aljanin da ake kira Mahishasura. Idanu ake zanawa a ƙarshe.

Ranar Saptami ka yi sammako zuwa bakin kogin Hooghly. Za ka ga ana yi wa itacen ayaba wanka, a naɗe shi da farin zanen mata na sari mai jan baki. Sunansa Kola Bou.

To, ga inda ake faɗuwa. Sandhi Puja ibada ce ta minti 48 kacal: 24 na ƙarshen Ashtami da 24 na farkon Navami. A imanin Hindu, lokacin ne allahiyar ta kashe aljanu biyu, Chanda da Munda. Ana kunna fitilu 108, a miƙa furannin bado 108. Matsalar ita ce lissafin wata ake bi, daga kundin da suke kira panjika, saboda haka wata shekarar da rana tsaka take faɗowa, wata kuma cikin tsakar dare. Shekarata ta farko na ɗauka da magariba ake yi. Na tsaya cin abinci hankali kwance, da na isa sai na tarar fitilun suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, makaɗin gangar dhak ya jingine ta yana shan shayi a ɗan kofin ƙasa. Kuma panjika ba guda ɗaya ba ce, lokutansu kan saɓa. Don haka ka tambayi masu rumfar da za ka je (rumfar wucin gadi da ake girke gunkin a ciki), da bakinka, tun ranar Saptami, ka kuma isa da awa guda a hannu.

Ni dai ba na kallon wannan a manyan rumfunan da ake bin layi. Tsohon gida irin Sovabazar Rajbari, wanda ke yin bikin tun 1757, ya fi. Silifa za ka sa, don cire takalmi dole ne kusa da gunkin. Za a iya miƙo maka bhog, wato dafa-dukan shinkafa da wake da aka fara gabatar wa gunkin. In addininka bai yarda ba, dafa ƙirji ka yi godiya. Abincin halal na nan a Zakaria Street, kusa da Masallacin Nakhoda.

Daren Navami rawar dhunuchi ce, da kaskon garwashin ɓawon kwakwa da turare a hannu. Ranar Dashami matan aure na shafa wa juna jan garin sindur, sannan a rankaya Babughat, a bakin kogin Hooghly, a saka gunkin a ruwa. Kada ka sa farin kaya ranar.