Yadda Ake Tsara Kiɗan Okestira Domin Wasan Bidiyon da Ba a Ƙera Ba Tukuna

Matashin da ke haɗa kiɗa da kwamfuta a Birnin Kebbi ko Argungu, wanda ya saba yi wa mawaƙa da masu talla aiki, idan ya yi sha'awar shiga harkar kiɗan wasannin bidiyo zai tarar da cewa babu mai ba shi aiki sai ya nuna irin abin da ya taɓa yi, shi kuwa babu wasan da zai nuna. Hanyar da masu koyon wannan sana'a suke bi ita ce su ƙago wasa a cikin ransu, sannan su tsara masa cikakken kiɗan okestira, wato na babbar ƙungiyar makaɗa irin ta Turawa, tamkar wani kamfani ne ya ba su kwangila. Aikin yana da amfani ne kawai idan mutum ya ɗaure kansa da ƙa'idojin wasa na gaskiya. Kiɗan fim yana bin lokacin da aka riga aka yanke, domin fitowar da take minti biyu yau minti biyu za ta kasance gobe, amma a wasan bidiyo mai wasa ne yake riƙe da lokaci: yana iya wuce wuri cikin daƙiƙa ashirin, yana iya tsayawa a nan rabin awa, kuma dole kiɗan ya yi daidai a kowane hali.

Saboda haka kada ka buɗe kwamfuta a ranar farko. Ɗauki takarda ka rubuta wasan. A ce labarin yana faruwa ne a ƙasar Kabi a ƙarni na 16, zamanin Muhammadu Kanta, kuma jarumin wani yaro ne ɗan masunta da aka ba shi saƙo ya kai birnin Surame, sai ya ratsa gulbi da fadama a cikin kwalekwale, da homarsa da gorarsa. Rubuta kowane wuri da zai taka da kowane hali da zai shiga: ƙauyensu da sassafe, gulbi da rana, fadama da dare, kasuwa, ƙofar birni, fada, lokacin da ake binsa, lokacin faɗa, cin nasara, da faɗuwa. A gaban kowanne ka rubuta tsawon lokacin da kake zaton mai wasa zai yi a wurin, da abin da ya kamata zuciyarsa ta ji, da wuraren da zai iya shiga daga nan. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi muhimmanci, domin idan daga gulbi ana iya faɗawa cikin haɗari kai tsaye, to kiɗan gulbi da kiɗan haɗari dole su kasance masu iya haɗuwa ba tare da kunne ya ji an yanke wani abu ba. Kiɗa shida zuwa takwas sun isa aikin farko, kuma gara su kasance kaɗan a gama su da kyau.

Daga nan sai take. Mun san yadda makaɗi yake buga taken mutum a taro kowa ya gane wanda ake nufi ba tare da an ambaci sunansa ba, kuma a kan wannan dabara ake gina kiɗan wasa mai tsawo. Ka samar wa yaron takensa, ka samar wa gulbin nasa, ka samar wa abokin gaba nasa. Da baki ake fara wannan aiki: ka rera karin, ka ɗauka a waya, ka bar shi ya kwana, washegari ka ga ko za ka iya tuno shi ba tare da ka saurara ba. Idan ka rera wa ƙanenka sau biyu ya kasa maimaitawa, karin ya yi tsawo ko ya yi sarƙaƙiya. Gaɓa huɗu zuwa takwas, wato rukunan bugun da ake ƙirga kiɗa da su, sun wadatar, kuma ina ba da shawarar a gina shi a kan sautuka biyar ɗin da yawancin waƙoƙinmu na gargajiya suke tafiya a kansu, domin shi ne zai ba kiɗan ƙamshin ƙasar tun kafin a ji ganga ko algaita.

Take ɗaya yana iya ɗaukar nauyin wasa gaba ɗaya idan aka iya juya shi. A ƙauye sarewa ce za ta faɗe shi a hankali ita kaɗai. A kan gulbi sai kayan tsirkiya su ɗauke shi su shimfiɗa, a ninka tsawon kowane sauti. A fadama da dare a saukar da shi ƙasa a ba celo, wato babban gogen Turawa mai kaurin murya, a cire sautinsa na ƙarshe yadda mai sauraro zai ji maganar ba ta ƙare ba. A wajen faɗa a gutsuro sautuka uku na farko kawai a riƙa maimaita su da sauri, sannan a ajiye cikakken taken da dukkan ƙarfin okestira sai ranar da yaron ya shiga ƙofar Surame. Idan akwai waƙa da baki, a tuna cewa Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma idan karin kiɗa ya hau a inda kalma take sauka, mai jin Hausa zai ji kalmar ta karye, wani lokaci ma ma'anarta ta sauya. A rubuta kalmomin tukuna, a faɗe su da ƙarfi, sannan a bar karin ya bi hawa da saukarsu.

Okestira gida huɗu ce. Akwai kayan tsirkiya, wato biyolin da biyola da celo da babban bas, waɗanda a cikakkiyar ƙungiya sukan kai mutum 60, fiye da rabin makaɗan ke nan, kuma su ne kunne yake iya jurewa na dogon lokaci ba tare da gajiya ba. Akwai kayan busa na itace, fulut da obo da kilarinet da basun, masu ba da launi da muryar mutum guda. Akwai kayan busa na tagulla, ƙaho da turamfet da turombon da tuba, waɗanda ƙarfinsu yake raguwa a zuciyar mai sauraro gwargwadon yawan amfani da su. Sai ganguna da sauran kayan bugawa, ciki har da timfani wanda ake ɗaure shi a kan sauti takamaimai. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sa duka gidajen nan su yi magana lokaci guda daga farko har ƙarshe. Ka fara rubuta kiɗan a kan fiyano da layi uku kacal, kari da bas da abin da ke cike tsakani, sannan ka raba musu. Sautukan ƙasa a ba su tazara mai faɗi tsakaninsu domin kada su cakuɗe, na sama kuma suna iya matsuwa kusa da juna.

Ko da kwamfuta ce za ta buga komai, ka rubuta kamar mutane ne za su buga. Mai busa fulut yana buƙatar numfashi, saboda haka a bar masa gurbi bayan 'yan gaɓoɓi. Biyolin ba ya sauka ƙasa da sautin G da ke ƙarƙashin C na tsakiyar fiyano. Fulut a sautukansa na ƙasa rauni gare shi, turamfet ɗaya yana iya binne shi. Sautin da aka ja shi da tsawo kuma ba ya tsayawa a ƙarfi ɗaya a hannun ɗan Adam, yana kumbura yana sacewa, don haka sai ka zana wannan hawa da sauka da hannunka a layi mai lamba 1 da mai lamba 11 na MIDI, wato tsarin umarnin da kwamfuta take buga kiɗa da shi, layukan da yawancin tarin sautukan kayan kiɗa na kwamfuta suke amfani da su wajen sarrafa ƙarfi. Wannan aikin yana cin lokaci, amma shi ne yake raba kiɗan da ke numfashi da wanda yake kama da na'ura.

Game da kayan aiki ba sai an kashe kuɗi mai yawa ba. Wanda ya saba da manhajar haɗa kiɗa irin FL Studio ko Cubase ya ci gaba da abinsa, Reaper kuma yana ba da gwajin kwana 60. MuseScore kyauta ne ga mai son rubuta kiɗa a takarda, sannan kamfanin Spitfire Audio yana ba da tarin sautukan okestira mai suna BBC Symphony Orchestra Discover kyauta, girmansa bai kai gigabait ɗaya ba, abin da zai yi wa mai sayen data daɗi. A saita manhaja ta riƙa adana aiki da kanta kowane 'yan mintoci saboda ɗaukewar wuta, a kuma ajiye kwafi a wani wuri dabam.

Inda ɗan Kabi ko Zamfara yake da abin da ba kowa ke da shi ba shi ne kayan kiɗan gida, kuma a nan nake roƙon a tsaya a yi aiki da natsuwa. Kada a ɗauko ganga ta cikin kwamfuta a ce ita ce kotso. A je wurin makaɗi na gaskiya, a gaishe shi yadda ya kamata, a yi masa bayanin aikin, a ɗauki sautinsa. Okestira tana ɗaure kanta a kan sautin A mai kaɗawa 440 a daƙiƙa, amma mai algaita da mai goge ba su san da wannan ma'auni ba, kuma tazarar sautukansu ba ta faɗa daidai kan maɓallan fiyano. Mutane da yawa sukan ja sautin algaitar da manhaja har ya daidaita da fiyano, sai su kashe abin da suka je nema. Abin da ya fi shi ne a fara ɗaukar makaɗin, a gano sautin da yake komawa kansa ya huta, sannan a matsar da okestirar gaba ɗaya ta same shi a can. A ƙarƙashinsa kuma a taƙaita jituwa, a bar celo da bas su riƙe sauti ɗaya ko biyu masu tsawo, shi kuwa ya yi yawonsa a sama. Mai algaita yana iya busa ba tare da yankewa ba saboda yadda yake tara iska a kumatu yana shaƙa ta hanci, don haka shi ba sai an bar masa gurbin numfashi ba.

Haka abin yake ga ganguna. Yawancin kiɗanmu yana raba bugu gida uku, saboda haka ma'aunin 12/8 ya fi karɓarsa fiye da 4/4, kuma ɗan jinkiri ko gaggawar da ke hannun mai kalangu ba kuskure ba ne da za a gyara da manhaja. Fata tana ɗaurewa a lokacin hunturu sautinta ya hau, tana saki da damina ya sauka, don haka duk abin da ake buƙata daga ganga ɗaya a ɗauke shi a zama ɗaya, da dare ko da asuba sa'ad da ƙarar janareta da babura ta lafa. Kakaki da tambari kayan sarauta ne, a ajiye su domin fada da ƙofar birni, domin duk wanda ya tashi a ƙasar nan zai ji abin ya yi masa banbaraƙwai idan ya ji kakaki a bakin gulbi ana jefa homa. Kafin a tashi kuma a biya makaɗin haƙƙinsa, a rubuta yarjejeniya da ke bayyana inda za a yi amfani da sautin, a sa sunansa cikin waɗanda suka yi aikin.

Sai batun zagayowa, wato yadda kiɗa zai ƙare ya koma farko ba tare da an ji yankewa ba, wanda lissafi ne zalla. Idan kiɗan gulbi yana tafiya bugu 96 a minti, kowace gaɓa tana da bugu huɗu, to gaɓa ɗaya daƙiƙa biyu da rabi ce, gaɓa 48 kuma minti biyu cif. A nan za a yanke shi ya koma farko. Gaɓar ƙarshe kada ta rufe magana, ta tsaya a sautin da ke neman na farko. Amsa-kuwwar da ke biyo bayan sautin ƙarshe kuma kada a datse ta: a fitar da kiɗan da ƙarin 'yan daƙiƙoƙi, a yanko wutsiyar a ɗora ta a kan farkon fayil, ta yadda idan ya zagayo kunne ba zai ji rami ba. A fitar da aiki a tsarin fayil na WAV mai 48 kHz, a matse shi zuwa OGG idan ana son ƙarami, a guji MP3 domin yakan ƙara ɗan shiru a farkon fayil wanda ke ɓata mahaɗar.

Domin kiɗa ya riƙa amsa abin da mai wasa yake yi, hanya biyu ake bi. Ta farko ita ce a rubuta kiɗa ɗaya hawa-hawa, duka da tsawo ɗaya da sauri ɗaya: hawa na farko kayan tsirkiya da sarewa, na biyu kotso da celo mai gajerun sautuka, na uku tagulla da timfani. Yaron yana tuƙa kwalekwale ana jin na farko kawai, idan wani kada ya ɗago kai cikin ruwa daga nesa sai na biyu ya shigo, idan ya matso kusa sai na uku, idan yaron ya tsira kuma su janye ɗaya bayan ɗaya. Sharaɗin shi ne kowane hawa ya yi daɗi shi kaɗai, ya kuma yi daɗi tare da sauran. Hanya ta biyu ita ce a yanka kiɗa gunduwa-gunduwa na gaɓa huɗu ko takwas, a tsara cewa idan hali ya sauya sai an kai ƙarshen gaɓa kafin a tsallaka, tare da 'yar gajeriyar gada a tsakani. Ana kuma buƙatar ƙananan sautuka na daƙiƙa biyu zuwa biyar domin samun wani abu, cin nasara ko faɗuwa, a ciro su daga taken yaron. Manhajojin FMOD da Wwise, waɗanda kamfanonin wasanni suke aiki da su, ana sauke su kyauta domin koyo, kuma a cikinsu za ka iya ƙirƙirar ma'aunin haɗari daga 0 zuwa 100 ka riƙa jan shi da hannu kana jin yadda hawa-hawan ke shiga da fita, ko da babu wasa ko ɗaya a gabanka.

A bar wa shiru wurinsa. Fadama da dare tana iya wadatuwa da kukan kwaɗi da motsin ruwa na minti guda kafin celo ya shigo, kuma tsakiyar sauti a rage masa cunkoso domin a nan maganar 'yan wasa da ƙarar takobi za su zauna.

Gwajin ƙarshe shi ne ka kunna kowane kiɗa ya yi ta zagayowa minti ashirin kana wani aiki. Duk wurin da ya fara damunka, yawanci wani ƙarfi ne da ya cika fitowa ko wata ƙawa da ta yi yawa, ka yi masa alama ka rage shi. Ka saurara a lasifikan kunne, ka kuma saurara a bakin wayar hannu, domin a waya yawancin mutanenmu suke wasa, kuma ƙaramin lasifikanta ba ya fitar da bas, don haka idan taken abokin gaba yana hannun tuba da babban bas kaɗai sai a ninka shi da basun ko biyola a sama. Idan za ka nuna aikin, ka haɗa takardar labarin wasan, da kiɗan a jere yadda tafiyar yaron take, da ɗan bidiyon fuskar kwamfutarka kana jan ma'aunin haɗari a FMOD, sannan ka rubuta a sarari cewa wasan ƙagagge ne kuma ana iya ba da fayilolin kowane hawa dabam ga duk mai son gwada su a manhajojin ƙera wasa irin Unity ko Godot.